Ranar da Dattijo Ya Motsa

Litinin, 5 ga Mayu

Duba firjin magani, na ɗaya zuwa na huɗu. Sanyi daidai. Na ukun yana ɗan gurnani, a gaya wa manaja.

Da na gama na zauna kan kwalin ruwan allura na buɗe waya. Dattijo ya motsa.

Bari in rubuta abin a tsare, yadda nake rubuta rahoton sito, ko hankalina ya kwanta. Dattijo ba mutumin da na sani ba ne. Walet ne, wato asusun ajiya na intanet, doguwar lamba kawai, ɗaya daga cikin manyan kifayen da suka tara mafi yawan koin, kuɗin intanet ɗin da ni da abokan aikina muke riƙe da shi. Ni na raɗa masa sunan, don shekara da shekaru bai ɗaga ko yatsa ba. A kirifto ba a ganin fuskar kowa, amma abin da ya shiga walet da abin da ya fita a fili yake. In babban kifi ya kwashe kayansa daga kasuwa ya kai walet, ajiya zai yi, sai kowa ya saki jiki. In ya ɗebo daga walet ya nufi kasuwa, sayarwa ce ke tafe, kuma in irinsa ya zube kaya farashi ba ya iya tsayawa da ƙafarsa.

Yau ba kaya ya kai ba. Ɗan mitsitsi ya tura kasuwa, abin da ba zai sayi katin waya ba. Gwaji ke nan. Ni ma haka nake yi kafin in tura abu mai nauyi, in aika kaɗan in ga ko ya isa. Wa ke gwada hanyar da ba zai bi ba?

Ko kuma ba komai ba ne. Ko ɗansa ne ke wasa da waya.

Lokacin hutun rana na ɗebe nawa kaf daga walet na kai kasuwa na sayar. Na ce in kuskure ne, nawa ne ni kaɗai.

Ban rubuta a guruf ɗinmu na waya ba. Sai na tabbatar.

Talata, 6 ga Mayu

Dattijo shiru. Farashi yana nan inda yake.

Dalilin da ya sa ban yi magana ba, don in na dawo kan shafin nan wata rana kada in ce mugunta ce. A watan Janairu na ga kaya masu yawa sun nufi kasuwa, na rubuta a guruf ɗinmu na wurin aiki da manyan baƙaƙe: KU FITA. Duk suka sayar, Direba da Akanta da masu lodi biyu. Ashe kasuwar ce ke sauya wa kayanta wuri, daga wannan aljihu zuwa wancan. Farashi ya tashi ya bar su a ƙasa. Akanta ya fice daga guruf ko sallama babu. Direba kuwa bai yi fushi ba, suna kawai ya sa mini: Ƙararrawa. Har manaja ya ɗauka. Tun ranar na kafa wa kaina doka: ba zan ƙara buɗe baki ba sai na ga abu sau biyu.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Direba ya leƙo sito kafin ya fita, yana karkaɗa waya.

"Ƙararrawa, zo ka ga amaryata."

Hoton mota ce. Ƙarama, fara, ta sha hannu amma fes. Tana garejin da ke bayan gidan mai. Shekara goma sha wani abu yana tuƙa motar kamfanin nan, bayansa ya fara ciwo saboda ɗaukar kwalaye, yana so ya samu tasa ya riƙa ɗaukar fasinja. Mai garejin ya yarda ya jira shi zuwa ƙarshen wata. Duk abin da ya tara yana cikin koin ɗin nan. Ya ce saura ƙiris ya cike, in ya ɗan ƙara tashi shi ke nan.

"Ya kifayen naka? Suna barci?"

Na ce, "Ina dai kallo."

Ba ƙarya ba ce. Ina kallo.

Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wata magana, sai mai lodi ya kira shi.

Laraba, 7 ga Mayu

Farashi ya ɗan hau. Da na yi magana da yanzu ana dariyata. Har na ji haushin sayar da nawa, kuma na ji daɗin jin haushin.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ba na son rubuta yau.

Kayan rigakafi suka iso da hantsi. Na shiga ɗakin sanyi da rigar sanyi da allon rubutu, can kuwa waya ba ta kama komai. Kwali-kwali nake dubawa, lambar kaya da ranar lalacewa, yadda na saba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba.

Ina fitowa waya ta fara ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Dattijo ya kai kusan duk kayansa kasuwa. Wasu manya biyu suka gani suka bi sahu. Ƙanana suka ga manya sun ruga, kowa ya ruga, ana tattake juna a bakin ƙofa. Kafin in cire safar hannu farashi ya zube fiye da rabi.

Na kira Direba. Yana kan babbar hanya, kuma shi ba ya ɗaga waya in yana tuƙi, dokarsa ce. Na kira har ban san adadi ba. Na rubuta a guruf: Dattijo ya sayar. Yanzu kam na gani sau biyu.

Sai yamma ya dawo. Daga tagar sito na ga ya kashe mota ya zauna a ciki, waya a hannu, bai fito ba har masu lodi suka gama sauke kwalayen da ba komai a ciki. Ni kuma na koma na sake duba firjin da na riga na duba.

Juma'a, 9 ga Mayu

Shi ya zo wurina. Da kofin shayi biyu, ya ajiye mini ɗaya kan tebur.

"Sha, Ƙararrawa. Fuskarka kamar an aiko ka gaisuwar mutuwa."

Na ce Allah ya mayar da alheri. Ya ce amin. Ya ce amarya dai ta tafi, sai dai ya riƙa ɗaga mata hannu in ya wuce. Ya yi dariya shi kaɗai. Ya ce ya sayar da ragowar jiya da yamma don zuciyarsa ba za ta ɗauki kallon ba.

Sannan ya ce, "Kai fa? Ya naka?"

Na ce, "Sai haƙuri."

Ya daɗe yana kallona ta saman kofi. Ya ce, "Haka ne. Sai haƙuri." Ya dafa kafaɗata ya fita.

Shayin ya huce a wurin. Zubar da shi na yi a magudanar bayan sito, ina waige kamar ɓarawo.

Asabar, 10 ga Mayu

Maman yara tana guga, ni ina gyaran makunnin fanka da ba abin da ya same shi.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Baban yara, na ji ana cewa abin naku ya faɗi."

Na ce ya faɗi.

"To ni na san fuskarka ta asara. Na gan ta lokacin da aka sace babur. Wannan ba ita ba ce. Wannan ta wanda ya tsinci jakar maƙwabci ce."

Na gaya mata. Da farko ta yi hamdala, ta ajiye dutsen guga ta ɗaga hannu biyu, don a ciki har da kuɗin makarantar babbar 'yarmu. Na ji sanyi kaɗan. Sai ta ce, "Shi Direban da ka fita ka ce masa me?"

Na yi mata bayanin Janairu, da dokata, da cewa ɗan gwaji ba hujja ba ne, ko masana ma sukan yi saɓani a kai. Na yi bayani mai kyau, a tsare.

Ta ce, "Hujjar ta isa ka fitar da naka, ba ta isa ka buɗe baki ba?"

Na ce ba ta gane harkar ba.

Ta ce, "Ai kuwa ban gane ba. Miƙo mini rigar can."

Matar Direba ce ta kwana da ita a asibiti lokacin haihuwar ƙaramin ɗanmu. Ba ta ambata ba. Da ta ambata da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ban buɗe kasuwa ba. Kuɗin suna can a zaune, ko kallon su ba na so.

Litinin, 12 ga Mayu

Firji na uku ya yi ƙara da safe. Ban tsaya duba komai ba, na ƙwala wa masu lodi kira, muka kwashe maganin ciwon sukari kaf muka mayar na huɗu, har ɗaya ya buge gwiwa. Da mai gyara ya zo ya ce firjin lafiyarsa ƙalau, 'yar na'urar auna sanyin ce ta rikice. Aikin banza muka yi.

Ba wanda ya yi mini dariya. Manaja ma cewa ya yi haka ake so, a kwashe tukuna a yi bincike daga baya. Dokar a manne take jikin bango, ni da hannuna na manna ta.

Wato a kan maganin kamfani ina iya yin ihu ban tabbatar ba.

Na bar wannan a nan.

Laraba, 14 ga Mayu

An ce in raka akwatin sanyi zuwa wani asibiti, don dole sai ni mai sito na sa hannu a can. Ni da Direba a mota, mu biyu.

Da tafiya hira muka yi ta banza, cunkoso da tsadar mai da ɗan sandan da ya san shi. Na yi ta shirya magana a baki, in na kai bakin faɗa sai wani ya sha gabanmu ko danja ta tsayar da mu, in ce bari mu wuce nan.

A dawowa ya bi ta bayan gidan mai, ba hanyarmu ba ce. Ya rage gudu daidai garejin. Motar tana nan, an wanke ta, an jingina kwali a gilashi an rubuta ta sayarwa ce. Ya gangara gefen titi ya ja birki.

"Ka tuna ranar da ka shigar da ni harkar nan?"

Na ce na tuna.

"Kai ka turo mini koin ɗina na farko, daga walet ɗinka. Ka nuna mini inda ake liƙa lamba a ga motsin mutum. Ka ce, Direba, kada ka saurari bakin manya, ƙafarsu za ka kalla."

Na gyaɗa kai.

"To ni ban san Dattijo ba, lambobin nan juya mini kai suke. Lamba ɗaya na ajiye. Taka. Kai ne babban kifina, Ƙararrawa. Kullum kafin in tayar da mota sai na leƙa ka."

Na kau da kai na kalli garejin.

"Ranar Talata da safe na ga walet ɗinka wayam. Shi ya sa na shigo sito. Na tambaye ka kifaye, ka ce kana kallo. Na ce a raina, in da wuta ce da mutumin nan ya faɗa mini, ai shi ne mai ihu ko ba wuta. Na ce wataƙila kuɗin makaranta ne ya taso, kada in kunyata shi da tambaya." Ya murza sitiyari da tafin hannu. "Karatunka na ƙi bi. Na ga ƙafa, na saurari baki."

Na fara cewa ban tabbata ba ne, Janairu...

"Janairu na yi asara, na sa maka suna, muka yi dariya, ya wuce. Wa ya ce maka tabbas nake nema a wurinka? Ni direba ne. In yaron mota ya ce kamar ya ga rami, ba na cewa ya kawo shaida. Ni zan zaɓa in taka birki ko in ƙi."

Ya ce ba Litinin ce ta fi ci masa rai ba. Juma'a ce. Ya ce da kuɗinsa ya sayi shayin nan don ya ba ni ƙofa, na ce masa sai haƙuri.

"Kifi na ganinka, mai jar koma," in ji shi, ya tayar da mota.

Har muka iso bai kunna rediyo ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

"Ina kwana, Malam." Haka ya gaishe ni. Takardar kaya ma ta hannun mai lodi ya aiko.

Wata nawa ina jin haushin sunan Ƙararrawar nan.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na same shi yana duba man inji. Na ce ina so mu raba abin da na tsira da shi, rabi da rabi, Maman yara ta sani kuma ta yarda. Gaskiya ita ta fara faɗa, ni na yi ta jujjuya shi kwana biyu.

Ya goge sandar awon mai da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya duba.

"Malam, kuɗinka ne. Ba ka sata ba."

Na ce duk da haka.

"In na karɓa, ka biya ke nan, ka huta. Ni kuma kullum in na shiga motar in tuna. A'a. Riƙe abinka."

Ya rufe bonet. Ba da ƙarfi ba.

Na dawo sito na jera kwalayen auduga da suke a jere. Abin da ya fi damuna, gaskiya ya faɗa: hutun nake nema.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na yi tunanin goge manhajar da ke nuna mini motsin kifaye. Na danna har ta fara rawa a fuskar waya, na fasa. Ba manhajar ce ta yi shiru ba.

Babbar 'yar ta tambaye ni me ya sa Baba Direba bai zo ɗaukar na'urar huda bango da ya ce zai ara ba. Na ce aiki ya yi masa yawa. Uwarta ta kalle ni ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Talata, 20 ga Mayu

Dattijo ya sake motsi. Wannan karon daga kasuwa zuwa walet, ɗan mitsitsi irin na wancan karon. In na karanta daidai, ya sayar da tsada, yanzu yana tsintar kayansa da araha zai mayar gida. In haka ne farashi zai iya farfaɗowa. In ba haka ba ne kuma, na sake zama abin dariya.

Sau ɗaya na gani.

Na rubuta a guruf, da ƙananan baƙaƙe: Dattijo ya gwada hanyar komawa walet. Yana iya zama saye yake yi, yana iya zama ba komai. Ban tabbata ba. Ni ban taɓa nawa ba, kuma ba zan taɓa ba sai gobe da rana, in zan taɓa zan faɗa a nan kafin in yi. Ranar 5 ga wata na ga irin wannan ta ɗaya ɓangaren, na sayar da nawa, ban gaya muku ba.

Layin ƙarshen na goge shi na mayar, na goge na mayar. Ya tafi dai.

Ɗaya daga masu lodi ya turo hoton fuska mai zare ido. Ɗayan ya rubuta, "Allah ya isa," can kuma ya goge. Direba ya karanta, alama ta nuna.

Sai da na ajiye waya na lura ban rubuta sanyin firji ba. Tun da na kama aikin nan ban taɓa yin wani abu kafin shi ba. Na rubuta a makare, na sa ainihin lokacin, manaja ya tambaya in ya ga dama.

Farashi bai yi komai ba duk yinin. Ko sama ko ƙasa.

Wajen tashi ina kulle ɗakin sanyi na ji murya daga farfajiya: "Ƙararrawa, in ka gama gadin kifi zo ka kama mini kwalin nan, bayana ba na ƙarfe ba ne."

Na je na kama. Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba. Kwalin ba shi da wani nauyi, shi kaɗai ma zai iya. Ba na so in ɗora wa abin ma'anar da ba tasa ba. Wataƙila bakinsa ne ya suɓuce.

Gobe:

Firji, da farko.
Mai gyara ya kawo sabuwar na'urar na uku, a tuna masa.
Kayan da ranarsu ta kusa, a ware.
Dattijo. Duk abin da na gani, guruf, ko ban tabbata ba.
Na'urar huda bango, in sa a jaka tun da safe.
Garejin bayan gidan mai, ko tana nan, kuma ko mai ita zai karɓi wani abu ya ƙara jira. Tambaya kawai. In gaya wa Direba kafin in je.